Ƙunshi Ba Leda a Kampung Baru

Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, wata ranar Asabar, Anti Talatu ta kwance ledar da ke ƙafar Maman Hanan. Na riƙe lokacin daidai saboda a kwanakin nan aikina ke nan a sana'ar: duba agogo da riƙe faranti. Awa uku kafin nan mun liƙa wa ƙafar zanen salatif, layi bakwai a jere da 'yan kusurwoyi a bakin yatsu, muka shafe da jan lalle, muka ɗaure. Da aka kankare lallen aka ɗaye salatif, babu layi, babu kusurwa. Ja ne kawai ya bi duk inda ya ga dama, kamar an yi ɓarin manja a tsakar gida.

Maman Hanan matar wani malamin jami'a ce, kuma ba ta ɗaga murya in za ta yanka mutum. Ta juya ƙafar hagu, ta juya ta dama.

"Talatu, wannan taswirar wace ƙasa ce? Faɗa min in ji ko ana neman biza."

"Ki yi haƙuri, Maman Hanan. Wallahi shekara ashirin da biyu ina ƙunshi a Kano, ban taɓa ganin irin wannan ba."

"To alhamdulillahi, yau kin gani. Ni kuma gobe in je gidan suna da safa a zafin garin nan, a ce sanyin ƙashi ya kama ni."

Wannan shi ne jan lalle na farko da Anti ta yi a Kuala Lumpur, kuma daga ƙafar nan muka shiga mummunar shekararmu.

Ina ba da labarin ne saboda ku, ƙannena 'yan kwaleji, masu turo min saƙo duk ƙarshen zango. "Anti Rukayya, don Allah koya min ƙunshi, sati biyu gare ni kafin a koma." Wata ma cewa ta yi, "Ai salatif ne kawai da lalle, ko?" Haka ne, ƙanwata. Tiyata ma ai wuƙa ce kawai da zare. Kun ga hoton ƙafa a waya, kun ga ana ta yabawa, kun ɗauka tsakanin farar ƙafa da hoton nan babu komai sai 'yar hira. To ku gyara zama.

Ni karatun kasuwanci ya kawo ni garin nan. Abokiyar ɗakina ce ta ja ni gidan Anti Talatu, wadda ta biyo mijinta da ya zo digiri na uku, ba ta fi wata huɗu da sauka ba. Ana ta hira, ni ina gefe da littafina. Anti ta leƙo ta ga yadda nake ja wa shafi layi ba da rula ba, ta ce, "Wannan ba ta magana, amma hannunta bai karkace ba. Ke Malama, zo nan." Ta miƙo min reza. Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinta ba sai Malama, kuma ba don girmamawa ba.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Farantin tangaran mai faɗi wanda ba a cin abinci a kai. Reza sabuwa, a karya ta biyu. Baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Tsinke na ɗaga zane. Ƙyallen tankaɗe, don garin lalle sai an tankaɗe shi sau uku, in ba haka ba ɗan karan ganye guda ya isa ya bar farin tabo a tsakiyar ja. Kwano, lemun tsami, ruwan ɗumi. Sai leda. Za ki shimfiɗa salatif a kan farantin, ki yanka shi siri-siri, kowane layi kaurinsa ɗaya da na ɗan'uwansa, ki ɗaga da tsinke ki liƙa a fata. Inda salatif ya rufe zai fito fari, inda ya bari zai fito ja. Wata uku na yi ina yanka kawai, ban taɓa ƙafar kowa ba. Anti takan kai farantin bakin taga, ta ƙanƙance ido, ta ce, "Malama, wannan layin yana da ciki. Wata nawa ne?" Ta ɗaye duka ta dunƙule, in sake daga farko.

Bayan Maman Hanan, wasu 'yan'uwa biyu 'yan Zariya suka zo ana jibi Sallah. Ƙafa huɗu muka yi, manja huɗu muka samu. Anti ta yanke hukunci cewa lallen da muke saya a kedai, wato shagon Indiyawa, ne ba shi da kyau. Aka aika Kano. Wani bawan Allah abokin karatun mijinta ya ɗauko mana kwano biyu a jakarsa, ya sha tambayoyi a hanya kan wannan koren garin da ya ƙunshe a leda uku, ya ce ko mahaifiyarsa ce ta aike shi ba zai ƙara ba. Muka kwaɓa lallen Kano da bismilla. Ya yi naso fiye da na Indiyawan, don ya fi shi ƙarfi.

Sai laifin ya koma kan ruwan famfo, muka sayi na gora. Ya koma kan salatif, na zagaye shagunan kayan wuta har wani mai shago ya tambaye ni ko gini nake yi. Maƙwabciyar Anti ta ce baki ne, ai mutum ba ya shekara ashirin yana abu hannunsa ya lalace a 'yan watanni sai da dalili. Aka yi hayaƙin habbatus sauda har ƙararrawar gobara ta ginin ta tashi, muka sauko hawa goma sha ɗaya a ƙafa tare da duk mutanen bene. Bakin bai karye ba.

Gumi kam mun san da shi. Wa zai kwana biyu a garin nan bai san gumi ba? Ko a Kano mai ƙunshi tana kuka da damina, sai dai can damina wata uku ce, nan kuwa wata goma sha biyu. Muka shafa hoda kafin mu liƙa. Muka kunna fanka biyu. Wata baƙuwa da ta sauka a otal a Bukit Bintang ta kira mu, muka ce yau ga esi, an huta. Muka ƙure sanyi har matar ta nemi bargo. Layin ya ɗan tsaya, amma lalle ba ya son sanyi: ya fito fari-fari kamar zoɓon da aka tsinka don baƙi sun yi yawa. Matar ta ce ba komai, in ta koma gida za ta je a yi mata na gaske.

A daidai zangon nan muna da darasi a kan ƙirƙira. Malamin yakan raba mana 'yan takardu masu launi, mu rubuta dabara a kowace, mu liƙa a bango, a tafa. Ya ce sabuwar dabara daga yawan tunani take fitowa. Na yarda da shi, don ni duk abin da aka faɗa a gaban aji ina yarda da shi. Na sayi littafi mai kaurin bango musamman don ƙunshi. Kowane aiki sai na rubuta: wane lalle, lemo nawa, minti nawa, an shafa hoda ko ba a shafa ba, matar siririya ce ko mai jiki. Na karanta duk abin da na samu a kan ganyen lalle, har sunansa na kimiyya na haddace, wanda bai taɓa tsayar min da layi ko ɗaya ba. An kuma taɓa kawo mana wata mata ta koya mana natsuwa. Ta ba kowa ƙwayar zabibi ɗaya, ta ce mu kalle ta minti biyar kafin mu ci, mu lura da ita kamar ba mu taɓa ganin irinta ba. Wani ɗan Legas a bayana ya ce, "Madam, na only one?" Ni ban yi dariya a fili ba, amma na rubuta a gefen shafi: ɓata lokaci.

Ga abin da nake so ku riƙe. Da zarar an ɗaura leda, kowa yakan watse. Mai ƙafa ta ɗauki waya. Anti ta shiga kicin. Ni in buɗe littafi in hau nazarin abin da ya ɓata aikin jiya da abin da zan gwada gobe. Awa ukun nan da lalle ke kamawa, ko yake lalacewa, babu kowa a wurin. Muna ganin farko, muna ganin ƙarshe, mu yi ta gardama a kan tsakiya. Shafi sittin na cika, kuma daga baya na koma na duba: kalmar leda ba ta fito a ciki ko sau ɗaya ba. Wa zai tsaya rubuta leda? Uwar Anti ta ɗaura, kakarta ta zura hannu a zunguru kafin leda ta zo. Lalle dai rufe shi ake yi. Ba wanda ke tambayar dalilin da ya sa tukunya take da murfi.

Kafin shekara ta zagayo, matan da ke cika falon Anti sun koma wajen Indiyawa masu matsa zane da 'yar leda mai tsini, wasu sun koma sitika. In muka haɗu da su a walima sai ki ga ana jan zani ana rufe ƙafa kafin a gaisa. Sunan da Maman Hanan ta raɗa ya bi gari: Talatu mai taswira.

Ana nan sai Hajiya Yalwa ta sauka daga Kano. Ɗanta ne zai auri wata 'yar Malay a Kampung Baru, kuma 'ya'yanta mata uku duk Anti ce ta yi musu ƙunshin aure a gida. Ta yarda da komai na mutanen amarya, abincinsu, kayansu, har kujerar da ake ɗora ango da amarya a kai ana kallonsu kamar an kawo su gwanjo. Abu ɗaya ta ce ba ta sassautawa: surukarta za ta shiga gidan ɗanta da jan lalle na salatif, kuma na hannun Talatu.

"Na ji ana wasu maganganu," in ji Hajiya, tana kurɓar shayi a falon Anti. "Na ce ƙarya ne. Talatun da na sani ba ta ɓata ƙafa. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Hajiya."

Da ta tafi Anti ta zauna a hannun kujera. Ta ce, "Malama, in wannan ya lalace na ajiye reza. A nan kaɗai ba komai, baƙunta ce. Amma Hajiya Yalwa ce. Labarin zai riga ni zuwa Kano, in na koma ko akuya ba za a kawo min in sa wa lalle ba."

Ba a gwaji a ƙafar amarya, don jan lalle yana wata bai goge ba. Saboda haka ana saura kwana goma muka je gidan kakar amarya, wani tsohon gidan katako mai dogayen ƙafafu, manyan benaye sun tsaya a bayansa kamar suna jiran ya mutu su ci gado. Ƙanwar amarya, Aina, ita ta ba da ƙafarta. Muka shimfiɗa tabarma a baranda da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Anti tana liƙawa, ni ina gefe da littafi a cinya.

"Anti, in muka rage lemo muka ƙara sukari fa? Na karanta cewa..."

"Miƙo tsinke."

"Ko mu shafa hoda sau biyu, don a shafi na arba'in na lura..."

"Malama."

"Na'am, Anti. Abin da nake nufi shi ne, in aka kwatanta wannan da na Bukit Bintang..."

Ta gama shafa lallen. Ta ce in ɗaura leda, na ɗaura da hannu ɗaya ina rubutu da ɗayan. Hajiya Yalwa tana ƙasa a mota tana jiranta, za ta raka ta sayen yadi a Jalan Tuanku Abdul Rahman. Anti ta wanke hannu, ta zare littafin daga cinyata, ta ɗauki wayata a kan tabarma, ta zuba duka a jakarta.

"Kin ga ƙafar nan? Zauna ki kalle ta. Kar ki karanta, kar ki rubuta, kar ki yi tunani in za ki iya. Kar ki taɓa komai sai na dawo."

Minti goman farko ban ga ƙafa ba, ko da yake idona na kanta. Ina tsara abin da ya kamata in faɗa wa Anti. Na ƙirga katakon baranda, ashirin da uku ne. Na ji jirgin ƙasa ya wuce sau biyu. Aina tana latsa waya tana dariya ita kaɗai. Kakarta, wadda kowa ke kira Nenek, tana zaune taku biyu daga wurinmu da baho tana wanke ƙananan kifi. Ta ce min, "Makan," wato in ci, ta turo min soyayyar ayaba. Na ci. Da ayabar ta ƙare, kaina ya rasa wurin zuwa, sai na kalli ƙafar.

Farar leda ce, irin wadda ake tapau da ita, wato ƙunshe abinci a tafi da shi gida, ana ganin ciki. Ta yi hazo. Can sai hazon ya zama ƙananan ɗigo, kamar cikin murfin tukunya in shinkafa ta kusa nuna. Ɗigo biyu suka haɗu suka yi nauyi, suka gangaro, suka sauka a kan lallen. Wurin ya yi sheƙi ya saki. Wani ɗigon ya bi bayansu. Ina kallo gefen wani layin salatif ya ɗago kaɗan, kamar mai barci ya buɗe ido ɗaya, tsinkakken lallen ya sulale ya shige ƙarƙashinsa. Abin da muka shekara muna nema a Kano da shagunan kayan wuta da habbatus sauda, ga shi yana faruwa a gabana a hankali, ba ya ko ɓuya. Kullum haka yake yi, sai dai kullum muna kicin.

Sai na ga dunduniyar hagu. Da yake da hannu ɗaya na ɗaura, ledar ba ta kai can ba, lallen yana waje a buɗe. A Kano lallen da aka bari a buɗe minti sha biyar ya isa ya bushe ya tsattsage ya zube, shi ya sa ake rufe shi. Na zuba masa ido ina jiran ya bushe, ina jiran faɗan da zan sha. Rabin awa ta wuce. Yana nan da danshinsa, bai bushe ba, bai kuma tsinke ba, layukansa suna kwance lafiya. Iskar garin nan da muke zagi kullum, wadda ke hana wanki bushewa kwana biyu, ita take yi masa aikin leda. Mu kuma muka zo da tamu daga Kano muka ƙara a kai, muna dafa ƙafafun mutane.

Ina cikin wannan Nenek ta ɗago hannu daga baho ta yarfe. A bayan hannunta akwai 'yar farar filasta irin ta takarda, inda aka ɗebi jininta a asibiti da safe. Awa guda hannun nan yana cikin ruwan kifi, ga gumi yana bin damtsenta, filastar ko gezau. Baƙin salatif ɗinmu yana ɗagowa a nan, farar filastarta tana zaune a can, taku biyu tsakaninsu. Sai da na yi kusan minti ashirin ina haɗa kalmomin Malay kafin na iya nuna hannunta na tambaya. Ta dube ni ta dubi hannun, ta yi dariya, ta shiga ɗaki ta fito da sauran naɗin ta ajiye min a cinya.

An ce kar in taɓa komai. Na dubi ƙafar dama, ta riga ta tafi. Ta hagu da sauranta. Na ɗauki rabin reza a kan faranti, na taɓa gwiwar Aina na nuna mata ledar.

"Boleh?" na ce, wato zan iya?

Ba ta ko ɗago daga waya ba. "Boleh lah."

Na farke ledar hagu na cire ta gaba ɗaya. Na koma na zauna.

Sun dawo ƙarfe biyu da ɗan wani abu, hadari ya fara haɗuwa. Anti ta hau matakala, idonta ya sauka a kan ƙafa tsirara, ta tsaya cak.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Ba kowa, Anti."

"To aljanu ne suka cire?"

Hajiya Yalwa ta hau bayanta tana haki. "A'a, ƙafa ɗaya a rufe ɗaya a buɗe? Sabon yayi ne, ko ledar ce ta yi tsada?"

Ban iya bayani ba, don ni bayani sai da littafi, littafin kuma yana jakar Anti. Na ce kawai, "A kankare a gani." Aka fara da dama: taswira, har da tsibirai. Aka koma hagu. Saman ƙafar ya ɗan yi naso a layi biyu, inda ruwa ya riga ni. Sauran kuwa, tun daga tsakiya har dunduniya, fari fat da ja jawur, kowane layi a gidansa. Anti ta durƙusa ta riƙe dunduniyar da hannu biyu ta daɗe. Hajiya ta ce, "To. Wannan ƙafar 'yar Kano ce. Waccan kuma ban san 'yar ina ba ce, kar a kawo min ita gidan biki."

Kada ku ɗauka an gama, don na san ku, da kun ji an samo dabara sai ku tashi. Kwana tara suka rage, kuma salatif ko babu leda yana ɗagowa a fatar mai yawan gumi. Na sayi filastar takarda a kemis na yanka na liƙa a ƙafata. Ta zauna daram, amma takarda ce, lallen ya ratsa ta. Na wayi gari da ƙafar zabo. Na gwada ninki biyu a ƙwaurina, zabon ya ragu amma bai tashi ba. A rana ta huɗu fatata ta ƙare, na koma ta abokiyar ɗakina, wadda ta ce ita ta ja ni gidan Anti, don haka alhakinta ne ke bin ta. A kanta na zauna na kalla, waya a kashe, na ga ta sama lallen ke shiga, ba ta gefe ba. Sai na shimfiɗa filasta a faranti, na ɗora salatif a kanta, na yanka su tare. Filasta ta riƙe fata, salatif ya tare lalle. Reza takan dakushe bayan layi goma, sai an sake wata, kuma sai an ɗaga da tsinke a kwance, in ba haka ba su rabu.

Kwaɓin kuwa Anti ce ta gyara shi. Ta zauna kusa da ni a rana ta shida, ba ta ce ta zo kallo ba, ta ce ƙafarta ke ciwo. Bayan awa guda ta ce, "Ruwan ya yi yawa. A Kano muna sakin kwaɓi ne don iska za ta sha rabi. Nan ba mai sha." Ta kwaɓa wani mai tauri kamar tuwon da ya kwana. Don ƙuda da bakin zani kuma muka samo ragowar yadin auduga shara-shara a wajen wani mai shago a Jalan Tuanku Abdul Rahman, mu yafa a kai ba ɗauri.

Ana gobe ɗaurin aure, ƙarfe tara na safe, muka koma barandar nan. Hajiya Yalwa ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a gaban amarya kamar mai sa ido a ɗakin jarrabawa. Muka liƙa, muka shafa, muka yafa auduga.

"Ina ledar?"

"Babu, Hajiya," in ji Anti.

"Ikon Allah. Na zo ƙasar da ake miya ba tukunya. To ni dai ina nan."

Mu ma muna nan. Awa uku, ni a ƙafar hagu, Anti a ta dama. Aka kawo abinci ya huce. Sau ɗaya wani layi a kan babban yatsa ya nuna alamar ɗagowa, na danne shi da tsinke tun bai yi shawara da 'yan'uwansa ba. Ƙarfe ɗaya saura muka kankare. Hajiya ta sa tabarau, ta sunkuya, ta bi layukan da ɗan yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga ƙafar ta leƙa dunduniya, ta buɗa tsakanin yatsu. 'Yan'uwan amarya sun zagaye mu ana ta ɗaukar hoto. Ta cire tabarau ta ninke.

"Ba laifi."

Wanda ya san Hajiya Yalwa ya san ko 'ya'yan cikinta ba su taɓa samun fiye da haka ba. Sai ta tuɓe takalmi ta miƙo ƙafa. "Tunda lallen ya ragu, a sa min kar a yi asara." Nenek ma ta miƙo tata. Bayan sati biyu Maman Hanan ta bugo waya ta ce ita dama ta san hannun Talatu ba ya ƙarya, garin ne bai saba da shi ba.

Na rubuta wannan aikin a matsayin aikin ƙarshen zango na darasin ƙirƙira, na ci maki mai kyau. Malamin ya tambaye ni a gaban aji wace hanya na bi har na kai ga dabarar, don sauran su amfana. Na rasa yadda zan ce masa ƙwace min waya aka yi. Matar zabibi kuwa ban ƙara ganinta ba, amma na koma gefen shafin nan na soke abin da na rubuta, da rula.

Shekara shida ke nan ina wannan sana'a tare da karatu, kuma duk wadda ta zo koyo a wurina ranar farko ba ta taɓa reza. Ina karɓar wayarta, in zaunar da ita gaban ƙafa awa uku, in ta tashi ta faɗa min abin da ta gani. Yawanci cewa suke, "Ba komai, Anti, lalle ne kawai." Yawanci kuma ba sa dawowa rana ta biyu. Mai sati biyu, ga amsarki.

Abu ɗaya na daɗe ina tambayar Anti. Ranar da ta ce in zauna in kalla, ta riga ta zargi ledar ne, tana so in gano da kaina? Na tambaye ta a mota muna dawowa daga bikin, ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Na tambaye ta bayan shekara, ta ce in miƙo mata tsinke. Har na fara ba da labarin a haka: babbar malama, ta san amsa, ta ɓoye don ɗalibarta ta girma. Yana da daɗin ji a haka.

Sai da mijinta ya gama karatu za su koma Kano. Na je taya ta haɗa kaya da rana tsaka, falon duk kwalaye. Ta cusa naɗin filasta guda goma a cikin takalman yara, ta ce damina na nan tafe a can ma. Ta naɗe farantin tangaran a tsohon zani ta ɗora min a cinya, ta ce ba zai kai Kano da rai ba. Na riƙe shi na ce, "Anti, don girman Allah, yau dai ki faɗa min. Kin san leda ce?"

Ta ajiye kwalin da ke hannunta ta dube ni.

"Malama, da na sani zan bari a kira ni mai taswira shekara guda? Ban san komai ba. Kin ishe ni da surutun shafi na arba'in ne, ga Hajiya tana jira a mota, na rasa inda zan ajiye ki. Na duba ko'ina, ƙafar nan ce kawai wurin da ba kowa."